Noman Rani a Gwarzo da Kabo: Ina Ruwan Yake Tafiya?

Da zarar an gama aikin kaka, an kai gero da dawa rumbu, sai hankalin manoma da yawa a Gwarzo da Kabo ya koma bakin ruwa. Wasu su nufi gefen dam. Wasu su nufi fadama. A Getso da Kutama da Lakwaya, a Garo da Gude da Godiya, maganar ke nan a majalisa: irin tumatir, irin albasa, kuɗin taki, kuɗin mai. Daga watan Oktoba har zuwa Mayu ba a sa ran ruwan sama. Duk abin da aka shuka a wannan tsakani, ruwan da mutum ya kai masa da hannunsa zai sha.

Kukan masu noman rani iri biyu ne. Na farko, ruwa ba ya isa. Na biyu, mai ya yi tsada. Idan aka duba da kyau, sau da yawa kukan ɗaya ne. Ruwan yana fitowa daga dam ko rijiya, amma ba duka yake kaiwa ga saiwar shuka ba. Yana ɓacewa a hanya. Manomin da ya saya wa inji mai, ya biya kuɗin ruwan da ya isa gona, ya kuma biya kuɗin wanda ya zube.

Asalin ruwan

Ba haka yankin yake ba a da. Kakanni sun yi lambu da jigo da guga, a bakin rafi ko rijiya. Lambun ba ya da girma, domin ƙarfin mutum ɗaya ne. Bayan farin da aka yi a shekarun 1972 zuwa 1974, gwamnati ta mai da hankali ga tare ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gama dam ɗin Tiga, a 1974. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1980 aka gina ƙananan madatsun ruwa a yammacin Kano. A yankin Gwarzo da Kabo akwai Guzu-Guzu da Magaga da Pada da Marashi. A maƙwabta akwai Watari a Bagwai. Sai kuma babban dam na Challawa a Karaye, wanda aka gama a 1992. Shi kaɗai yana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900, wato ma'aunin da kowane ɗaya yake daidai da lita 1,000.

Ƙananan injinan ban-ruwa kuwa sun yaɗu tun shekarun 1980, ta hannun hukumar KNARDA mai kula da aikin gona a Jihar Kano. A shekarun 1990 shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya ƙara yaɗa su tare da ƙananan rijiyoyin burtsatse. Inji ya kori jigo. Gonaki suka faɗaɗa. Amma inji ya zo da wani hali. Mai jigo yana jin nauyin kowane guga a kafaɗarsa, saboda haka ba ya wasa da ruwa. Mai inji kuwa yana iya kunna shi ya tafi hira. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan hira ta yi tsada ƙwarai.

Ɗan lissafi

Mai karatu ya ɗauki fensir. Hekta ɗaya tana daidai da eka 2 da rabi. A lokacin bazara, wato Maris da Afrilu, shukar da ta girma a hekta ɗaya tana iya shan lita 60,000 zuwa 80,000 a rana guda. Duro ɗaya lita 200 ne. Ke nan duro 300 zuwa 400 kowace rana. A cikin sanyin Disamba da Janairu abin bai kai haka ba.

To, wannan shi ne abin da shukar take bukata. Masana ban-ruwa sun daɗe da gano cewa idan ana kora ruwa a ƙasa, ta hanyar da ba a gyara ba, kusan rabinsa yana iya salwanta. Wani ya nutse a cikin hanya. Wani ya malale ta ƙarshen gona. Wani ya wuce saiwa ya yi ƙasa. Wani rana ta shanye. Wato domin a ba shuka duro 300, sai inji ya jawo kusan 600.

Ga wani lissafin kuma. A ce tiyo ya huje, ruwan da ke tsiyaya yana cika bokiti mai lita 10 a minti ɗaya. A awa ɗaya an yi asarar lita 600, duro 3 ke nan. Idan inji ya yi awa 5 yana aiki, duro 15 sun tafi. Kuma wannan huji ɗaya ne tak. Akwai tiyon da in aka bi shi daga rijiya zuwa gona, sai a ƙirga huji biyar, kowanne an ɗaure shi da tsumma.

Aikin yana farawa kafin shuka

Babban wurin da ake yin kuskure shi ne wajen shirya gona. Ruwa ba ya hawa tudu. Idan fangali bai daidaita ba, gefe ɗaya zai cika ya yi tafki, ɗaya gefen yana nan a bushe. Manomi zai ci gaba da zuba ruwa domin ya kai tudun. Kafin ya kai, na kwarin ya sha fiye da kima. Shukar tudu ta yi ƙishi, ta kwari ta ruɓe. Ruwan kuma ya wanke takin zamani ya kai shi inda saiwa ba ta kai. An yi asarar ruwa, an yi asarar mai, an yi asarar taki.

Daidaita fangali ba ya bukatar babbar mota. Fartanya da manjagara sun isa. Wanda yake son ya tabbatar, ya ari dabarar magina. Suna da wani siririn tiyo da ake ganin ruwa a cikinsa. A cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa biyu a jikin turaku. Ruwan da ke baki biyun kullum tsayinsa ɗaya ne. Da haka ake gane ina ne tudu, ina ne kwari. Wanda ba shi da tiyon, ya lura da ruwan farko da ya sake a gonar. Inda ƙasa ta leƙo, ya kafa tsinke. Inda ruwa ya kwanta, ya kafa tsinke. Idan ƙasa ta sha iska, ya ɗebi ta tudun ya cike kwarin.

Girman fangali kuma ya danganta da irin ƙasa. Ƙasar jigawa, mai rairayi, tana shanye ruwa nan da nan. A irin wannan ƙasa a yi fangali ƙanana, a yi kunya gajeru, domin ruwa ya kai ƙarshe da sauri. A riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan, amma a kai a kai. Ƙasar laka ta fadama tana shan ruwa a hankali, tana kuma riƙe shi. A nan fangali yana iya faɗi, kuma ana iya jinkirta ban-ruwa. Manomin da ya ga yadda maƙwabcinsa na fadama yake yi, ya je ya kwaikwaya a jigawa, zai sha mamaki. Gona ɗaya ma tana iya haɗa ƙasa iri biyu.

Tumatir da tattasai da attaruhu sun fi son a dasa su a gefen kunya, ruwa ya bi ta kwari. Ba sa son ruwa ya kwanta a wuyansu. Albasa da alkama su ne na fangali. Kuma kada a haɗa mai yawan shan ruwa da marar yawan sha a layi ɗaya. In an haɗa, dole a cuci ɗaya.

Takin gargajiya yana da amfani a nan fiye da yadda ake zato. Ƙasar da ta sha kashin shanu da ruɓaɓɓen ganye tana riƙe laima. Haka kuma idan aka shimfiɗa tattaka ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a gindin shuka, rana ba za ta bugi ƙasa kai tsaye ba. Ciyawa ma ba za ta fito da yawa ba. Ita ciyawa ai ɓarauniya ce, tare da shuka take shan ruwan.

Hanyar ruwa

Daga bakin rijiya zuwa fangali na ƙarshe, hanyar ruwa ta zama gajera gwargwadon iko. Kowane taku da ruwa ya yi a kan rairayi, yana raguwa. A fara kai ruwan wurin da ya fi tudu a gonar, daga nan ya gangara da kansa. Idan hanyar ta ƙasa ce, a shafe ta da laka a daddaɓe sosai. Wanda yake da hali ya shimfiɗa leda mai kauri, ko ya sa bututu a wurin da ya fi rairayi. Ba lalle sai an yi duka a shekara ɗaya ba. A fara da inda aka fi asara. Gane wurin ba wuya: duk inda aka ga ciyawa ta yi kore shar a gefen hanya alhali ba a shuka kome ba, nan ruwan yake zuwa.

A riƙa bin hanyar da ƙafa kowane mako. Ramin ɓera ko na gafiya, in an bar shi, kwana kaɗan zai zama ƙofa. Ciyawa da yashi suna rage wa ruwa gudu, ruwan da ba ya gudu kuwa nutsewa yake yi.

Yaushe za a ba da ruwa?

Manoma da yawa suna ba da ruwa ne don ranar ta zagayo, ko don sun ga saman ƙasa ya yi fari. Saman ƙasa yana ruɗi. A tona kamar tsawon tafin hannu a kusa da shuka. A ɗebo ƙasar a dunƙule. Idan ta dunƙulu ta zauna, akwai sauran laima, a dakata. Idan ta wargaje, lokaci ya yi. Bayan an ba da ruwa kuma, washegari a soka sanda ko ƙarfe. Zai shige da sauƙi har inda ruwa ya kai, sannan ya tsaya. Idan ya wuce tsawon saiwa da nisa, ruwan ya yi yawa.

Sassafe ko yamma sun fi tsakar rana. Da rana zafi da iska suna kwashe rabonsu.

Kowace shuka tana da lokacin da ba ta jure ƙishi. Tumatir ba ya son a bar shi ya bushe sannan a cika shi da ruwa. Wannan yana sa 'ya'yan su tsage, ko gindinsu ya yi baƙi. Alkama ta fi bukatar ruwa lokacin da take 'ya'ya a gindi, da lokacin fure, da lokacin da ƙwaya take cika. Masara lokacin da take fitar da gemu. Albasa kuwa a yanke mata ruwa kamar mako 2 kafin a cire. Wadda aka cire da ruwa a jikinta ba ta ajiyuwa, tun kafin farashi ya tashi ta ruɓe a rumbu.

Masu shinkafar rani su ne suka fi kowa shan ruwa. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta nuna cewa ba dole ne shinkafa ta zauna cikin ruwa kullum ba. Ana samun guntun bututu mai tsawon santimita 30, a huda rabinsa, a kafa a gona, a kwashe ƙasar cikinsa. A bar ruwan gona ya janye. Sai an ga ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar gona, sannan a sake cikawa. Lokacin fure ne kawai ba a barin gonar ta bushe. Ta haka ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin 100, amfanin bai ragu ba.

Yawan ruwa yana da wata illa da ba a gani sai an daɗe. Idan gona tana jiƙe kullum, babu inda ruwa zai fita, sai gishiri da kanwa su taso. Za a ga fari-fari a saman ƙasa. Irin wannan gona gyaranta yana da wuya. Ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne, da dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya.

Kula da inji

Inji ya zauna kusa da ruwa, a wuri mai daidai. Ƙaramin inji ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, kuma tun kafin nan ƙarfinsa yake raguwa. Turawa ta fi masa sauƙi a kan tsotsowa. A ɗura wa famfo ruwa kafin a tayar. Idan ya yi aiki a bushe, robar cikinsa za ta ƙone. Bakin tiyon da ke cikin ruwa ya kasance da rariya, kuma kada ya kwanta a cikin taɓo. Yashi yana cinye farfelar famfo. Idan inji yana kuka amma ruwa yana fita da kyar, a fara duba mahaɗar tiyon tsotso, watakila iska take shiga.

Sabon inji a canja masa baƙin mai bayan awa 20 na farko. Daga nan kamar kowace awa 100. Wanda ya koyi rubutu, ga wurin amfani da shi: ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta awannin da inji ya yi, da litar man da ya sha. Ranar da ya ga man yana ƙaruwa alhali gonar ba ta ƙaru ba, ya san akwai abin dubawa. A lokacin hunturu a yawaita wanke soson matatar iska. Masu injin sola su ma ƙura ce abokiyar gabarsu. A goge faifan da tsumma mai laushi da safe, kafin ya yi zafi. Kuma don rana kyauta ce, ba shi ne za a bar ruwa yana zuba ba. Rijiyar tana da iyaka, ta maƙwabci ma daga ƙasa ɗaya take sha.

Ban-ruwa na ɗigo

Akwai hanyar da ta fi duka tattali. Ana shimfiɗa siraran tiyo masu ƙananan huji a bin layin shuka. Ruwa yana ɗiga a gindin kowace shuka. An inganta wannan dabara a ƙasar Isra'ila a shekarun 1960, inda hamada ta yi yawa. Idan an kula da ita, kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan yana kai wa saiwa. Ƙaramin lambu ba ya bukatar inji. Bokiti ko duro a kan gado mai tsayin mita 1 ya isa ya tura ruwan.

Amma a yi hattara. Kayan suna da tsada, kuma ba sa son sakaci. Ruwan dam yana da laka, hujin kuwa kamar na allura ne. Dole a tace ruwa, a wanke matata kullum. Lokaci-lokaci a buɗe ƙarshen tiyo ruwa ya wanke dattin. Ɓera yana cizon tiyon don neman ruwa. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, gara ya gyara fangalinsa ya zauna lafiya. Ta fi dacewa da tumatir da tattasai da kankana, da lambun bayan gida na mata.

Ga masu dashen itatuwa a makaranta, ko masallaci, ko ƙofar gida, akwai dabarar da ba ta bukatar kanti. A sami tulu na ƙasa wanda ba a shafe ba. A binne shi kusa da dashen mangwaro ko darbejiya, a bar bakinsa a waje. A cika shi da ruwa a rufe. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwa tana sha. Mutanen ƙasar Sin sun san wannan fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ruwan alwala ma, in an yi masa 'yar hanya zuwa gindin itace, ya isa ya rayar da inuwar masallaci. Itatuwa da yawa da ake dasawa da biki a damina, rani na farko yake kashe su, don ba a tanadi wanda zai ba su ruwa ba.

Abin da yake na kowa

Manomi yana iya gyara gonarsa shi kaɗai. Dam da babban kanal kuwa sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Madatsun Gwarzo da Kabo sun haura shekara 40. Kowace damina ruwa yana kwaso yashi da laka ya zuba a cikinsu. Yashin da ya zauna ya ci wurin ruwa. Noma har bakin ruwa, da sare itatuwan gefen rafi, suna ƙara wannan zaizaya. A bar ɗan fili na ciyawa da itatuwa tsakanin gona da bakin dam. A jikin bangon dam ɗin kansa kuwa ba a son itace, domin saiwa tana huda shi. Ba a son noma a kai, ba a son ɗibar ƙasa. Wanda ya ga tsagewa, ko ruwa mai laka yana ɓulɓulowa ta bayan bango, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci nan take, a sanar da hukuma. Dattawa ba su manta fashewar dam ɗin Bagauda a watan Agusta na 1988 ba. Na Alau kuma ya ci Maiduguri a watan Satumba na 2024.

A kanal, wanda yake farko ba ya jin ƙishi. Na ƙarshe shi ne yake kwana a gona da fitila yana jiran ruwa. Idan na farko ya fasa gefen kanal, ko ya toshe shi da buhun yashi, tumatir ɗin na ƙarshe ne zai ƙone. Yawancin rigimar bakin ruwa daga nan take tasowa. Haka in ba a ware wa makiyaya mashaya ba, shanu za su sauka ta inda suka samu, su rusa gefen kanal. Ciyawar kacala kuma, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru, ba a barin ta ta kafu. Tun tana ƙarama ake tuge ta.

Ruwan ma ba na yankin kaɗai ba ne. Kogin Watari yana faɗawa Challawa. Challawa ya haɗu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Birnin Kano yana sha daga ciki. Masunta da manoman Jigawa da Yobe suna jiran saura.

A babban aikin noman rani na Kadawa da Kura, shirin TRIMING da aka fara a 2014 da tallafin Bankin Duniya ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin manoma su riƙa kula da ƙananan kanal da kansu. Masu noma a ƙaramin dam ba sai sun jira wani shiri ba. Waɗanda suke sha daga kanal ɗaya su zauna tun watan Oktoba. Su sa ranar aikin gayya, a yashe kanal a cike ramuka kafin a saki ruwa. Su rubuta ranar kowa da awanninsa, a manna takardar inda kowa zai gani. A wasu ranakun a fara ba na ƙarshe. Su aje ɗan kuɗi bayan girbi don sayen siminti da gyaran ƙofar ruwa, a ba mutum biyu ajiya, a karanta lissafin a bainar jama'a. Mai alkama ya tuna cewa shukarsa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba take, saboda haka yashe kanal ya riga wannan lokaci.